Yadda kai ɗan riƙo ganin gida ya zama tafiyar ƙetare iyaka

Dogon Daji na bakin babban titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Boɗinga da Shagari, ya nufi Tambuwal da Jega. A gari irin wannan ba abin mamaki ba ne ka shiga gida ka tarar da yaron da ba a nan aka yanke cibiyarsa ba. Wani ɗan ƙanwar maigida ne, wata jikar tsohuwar gidan ce da aka kawo yaye ta zauna, wani kuma iyayensa na can Ƙonni ko Dogon Dutsi, cikin Jamhuriyar Nijar. Bayan an kawar da amfanin gona, ko da ƙaramar salla, akan shirya a kai irin wannan yaro ganin gida. A Turai da Amurka wannan tafiya ta zama babban al'amari, har akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su shirya wa iyalin da suka ɗauko yaro daga Koriya ko Habasha ziyarar ƙasar da aka haife shi. A wurinmu tafiyar ta girmi fasfo, ta girmi iyakar kanta, kuma ta wata hanya daban ta biyo.

Mafarin riƙo a ƙasar Hausa yaye ne. Idan yaro ya kusa shekara biyu, kakarsa ko goggonsa kan zo ta ɗauke shi ta tafi da shi gidanta don ya manta da nono. Ta dama masa kunu, ta goya shi, ta kwana tana lallashinsa. Wani bayan kwanaki ake mayar da shi, wani kuwa shi ke nan ya zauna. Kunyar ɗan fari ta ƙara ƙarfafa wannan, domin uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sauƙi ne a gare ta ya tashi a hannun kakarsa. Sai kuma matar da Allah bai ba haihuwa ba. Ita ba a barin ɗakinta shiru. Ta je wurin ɗan'uwanta ta ce, "Yaya, a ba ni wannan in riƙa," shi kuwa ya san hana ta abin kunya ne a dangi. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ta yi riƙon yara har ta aurar. Labarinta shaida ne cewa tun kafin zuwan Turawa haka ake yi.

Abin da ya raba wannan riƙo da na Turawa guda ɗaya ne, kuma a kansa komai ya rataya: yaro ba ya rasa sunan ubansa. Musulunci ne ya kafa wannan iyaka. An sace Zaidu ɗan Harisa yana ƙarami, aka sayar da shi, ya ƙare a gidan Annabi (SAW) a Makka. Da mahaifinsa da baffansa suka ji labarinsa suka zo fansarsa, aka ba shi zaɓi, ya zaɓi zama. Aka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har ayoyin farkon Suratul Ahzabi suka sauka suka yi umarni a kira kowane yaro da sunan mahaifinsa. Daga nan malaman fiƙihu suka shimfiɗa sauran hukunce-hukuncen. Ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa, sai dai a yi masa kyauta ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Ba ya zama muharrami a gidan sai in an shayar da shi. Idan mace ce, waliccin aurenta na wurin dangin ubanta. Ita ma ziyarar asali tana cikin tarihin Annabi kansa, domin yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa Amina ta kai shi Yasriba wurin dangin kakansa, Banu Najjar, kuma a hanyar dawowa ta rasu a Abwa.

Waɗannan hukunce-hukunce su ne suka mayar da ganin gida dole. Yarinyar da za a nemi aurenta wurin baffanninta tilas ta san ƙofar gidansu. Yaron da gadonsa ke wani gari tilas a nuna masa gonar. Saboda haka uwar riƙo kan ɗaura atamfarta mai kyau, ta ƙulla goro, ta haɗa sabulu da ɗan turmin zane, maigida ya auna gero ko shinkafa a buhu. A can kuma a shimfiɗa tabarma, a kawo fura, tsofaffi su kewaye yaron suna duban kunnensa da yatsunsa suna cewa kakansa ne sak. A kai shi ya gaida kowane ɗaki. Ranar komawa a ba shi kaza ko 'yar akuya, a ce tasa ce. Uwar da ta haife shi takan yi kawaici, ta tsaya nesa kamar ba ta damu ba, amma idonta na kan wuyansa da ƙafarsa, tana duba ko ya rame, ko akwai faso. A ganina nan ne babban amfanin ziyarar, wanda ba a cika faɗa ba. Riƙo yana da zalunci a cikinsa, kowa ya san 'yar riƙon da ita ce ta fara tashi ita ce ta ƙarshen kwanciya, ita ce talla, ita ce ɗebo ruwa, 'ya'yan gida na makaranta. Mai riƙon da ya san zai kai yaro gaban danginsa kowace shekara yakan yi hattara. Zumunta a ƙafa take, kuma a nan ƙafar ita ce ke tsare yaron.

Sai dai ba kowane yaro ne ya samu wannan gata ba. A ƙarni na 19 yaƙi da harin bayi sun raba yara masu yawa da garuruwansu, a daular Sakkwato da Barno da maƙwabtansu, kuma babu wanda ya kai su ganin gida. Wanda muka fi sanin labarinsa shi ne Dorugu, Bahaushe daga Dambanas a ƙasar Damagaram. An kama shi yana yaro, aka kai shi Kukawa, inda Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852 sai ya bi Heinrich Barth, suka bi ta Sakkwato da Gwandu a 1853 a hanyarsu ta zuwa Tumbuktu, wato sun gifta ba nisa da ƙasar Tambuwal. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila, ya zauna a gidan J. F. Schön, wanda ya rubuta Hausa daga bakinsa. Sai a 1864 ya dawo Afirka, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano, ya rasu a 1912. A wancan zamani tsagar fuska ce takardar shaida. Mutum ya dubi kumatun yaro ya ce wannan Bagobiri ne, wannan Bakabe, wannan Ba'are. Da yawa ta haka danginsu suka gane su bayan shekaru.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Da suka fara ƙwace yara daga hannun fataken bayi sai suka rasa inda za su kai waɗanda ba su san sunan garinsu ba, suka buɗe gidajen 'yantattun bayi a Zungeru da Barno, a 1909 kuma 'yan mishan suka buɗe nasu a Rumasha. Nan ne mafarin ajiye yaro a hannun hukuma maimakon hannun dangi a Arewa.

Wani abin da Turawa suka kawo ya fi wannan shafar mutanen ƙasar Sakkwato, wato iyaka. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun zana baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato suka ce nan ne rabonsu. Faransawa suka ga layin ya hana su hanyar da ke da rijiyoyi zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, sannan aka bi ƙasa ana kafa alamu har 1908. Babu wanda ya tambayi masu gonakin. Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, ta faɗa ɓangaren Faransa, Degel da Gudu da Sifawa suka faɗa na Ingila. Tambuwal, wadda sarautarta ke hannun zuriyar Muhammadu Buhari ɗan Shehu, sai ga shi mahaifar kakansu tana wata ƙasa. Ƙasar Arawa ta rabu biyu, Gobir ta rabu biyu. Daga ranar, yarinyar da aka kawo riƙo daga Dogon Dutsi ta zama 'yar wata ƙasa ba tare da ta sani ba.

Yunwa ce ta riƙa tura yara kudu da wannan layi. An yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, aka yi farin 1973 da 1974 wanda ya ƙarar da dabbobin Buzaye da Fulani, ya cika garuruwan Arewacin Nijeriya da baƙi. Uwar da ba ta da abin ba yara huɗu takan bar ɗaya wurin 'yar'uwarta ko mai masaukinta da alƙawarin za ta dawo in an samu damina. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Yunwar 1984 kuwa ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi a Afrilun 1984, wanda bai ƙare ba sai 1986, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunansa. An sake rufe iyakar a Agustan 2019, aka sake a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Kowane rufi yana nufin wata kaka a Ƙonni ta yi salla ba ta ga jikanta ba, ko kuwa an bi da shi ta daji a kan babur.

A ƙasashen Yamma labarin ya biyo ta baya ne. Dokar jihar Massachusetts ta 1851 da ta Ingila ta 1926 sun mayar da yaron da aka ɗauka ɗan gida a idon doka, daga baya kuma aka shiga rufe takardun haihuwarsa na asali. Bayan yaƙin Koriya, Harry Holt da matarsa Bertha suka kai yara takwas Amurka a 1955, ƙofa ta buɗe, har Koriya ta Kudu ta fitar da yara kusan 200,000. Da suka girma suka fara tambayar su wane ne iyayensu. Ingila ta ba waɗanda aka ɗauka a ƙasarta damar ganin takardar haihuwarsu a 1975. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta amince yaro na da haƙƙin sanin iyayensa, ta kuma ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta. Abin da aka tono daga baya ya fi muni: a Oktoban 2007 aka kama wasu Faransawa a Abeche ta Chadi za su fita da yara 103 da sunan marayun Darfur, alhali mafi yawansu suna da iyaye. Habasha ta hana ba baƙi yara a 2018. A Maris na 2025 wani kwamitin gwamnatin Koriya ya tabbatar an yi ta ƙirƙirar takardun ƙarya ana mayar da masu iyaye marayu. Iyalin da ke hawa jirgi yau su kai yaro Seoul ko Addis Ababa suna neman ɗinke abin da doka ta yanke ne da gangan.

Nijeriya ta samu dokar ɗaukar yaro ta farko a Jihar Gabas a 1965, Legas ta bi a 1968, Arewa ba ta yi ba, domin riƙo da shari'a sun wadatar. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta tanadi ɗauka ta hanyar kotu, ta taƙaita ta ga 'yan ƙasa, ta kuma hana yi wa yaro tsaga. Jihohin Arewa sun daɗe suna ja da baya a kanta. Sakkwato sai a 2021 ta yi tata dokar kare yara, da sa hannun Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci Tambuwal da Kebbe a majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2015.

Abin da ke damuna yau ya fi waɗannan dokoki kusa da gida. Hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Sakkwato da Kabi sun tayar da ƙauyuka, sun bar marayu a hannun mutanen kirki da ba danginsu ba ne, kuma wani yaron garin da za a kai shi gani ya zama kufai. Tsagar da ake gane yaro da ita tana ƙarewa, kuma ban ce a dawo da ita ba. Abin da ya maye gurbinta takarda ce. Ranar da aka kai ɗan riƙo firamare, malami ya ɗaga biro ya ce, "Sunan uba?" sau da yawa mai riƙo sunansa yake bayarwa, don sauƙi, ko don kada yaro ya ji shi bare ne a cikin 'yan'uwansa. Niyyar mai kyau ce. Amma sunan nan shi zai bi yaron zuwa takardar jarrabawa, zuwa katin ɗan ƙasa, zuwa fasfo. Idan haifaffen Nijar ne, akan rubuta masa Tambuwal ko Kebbe a wurin garin haihuwa, don kada a sha wahala da jami'ai. Tsofaffin da suka san gaskiyar lamarin suna raye, suna faɗa a zaure, suna kai shi Illela su ƙetara da shi Ƙonni ya gaida baffanninsa. 'Ya'yansa kuwa takardar za su tarar, kuma a cikinta babu sunan kakansu, babu sunan garinsa.