Agogon da ke saita kansa da rediyo, da dalilin da ya sa ba ya jin kira a Jega

1/ Akwai wani irin agogo da ake samu cikin kayan gwanjo, a fuskarsa an rubuta "Radio Controlled" ko "Funkuhr". Mai sayarwa zai ce maka wannan da kansa yake saita kansa, ba ya ƙarya. A Jamus haka ne. A Jega kuwa labarin daban ne. Ku biyo ni mu ɗan taɓa tarihi. 🧵

2/ A cikinsa akwai ƙaramar eriya da ke sauraron wata tasha wadda ba ta waƙa, ba ta labarai, aikinta faɗin lokaci kawai. Ta Jamus sunanta DCF77, tana Mainflingen kusa da Frankfurt. Ingila na da MSF, Amurka na da WWVB a Kolorado, Japan da Sin ma kowa da tasa.

3/ Su kuma tashoshin daga agogon atam suke karɓar lokaci. A 1955 Louis Essen ya haɗa na farko mai inganci a Ingila, a 1967 duniya ta amince cewa daƙiƙa ɗaya ita ce kaɗawar sinadarin siziyom sau 9,192,631,770. Kamfanin Junghans na Jamus ne ya fara saka fasahar a agogon hannu, a 1990.

4/ To ga matsalar. Siginar DCF77 iyakarta wajen kilomita 2,000. Daga Frankfurt zuwa Jega ya haura 4,000. Kuma duk Afirka babu tasha irin wannan ko ɗaya. Ka sa masa batir, hannayen su ruga su tsaya kan sha biyu suna jiran kiran da ba zai zo ba. Sai ka nemo ɗan maɓallin saitawa da hannu, daga nan ya zama agogo kamar kowane. Don Allah kada a caje ku kuɗin fasahar da ba ta aiki a nan.

5/ Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne iyayenmu sun daɗe da nasu agogon rediyon, sai dai mutum ne a tsakani. BBC ta fara kaɗa ƙararrawar nan shida, "fit, fit, fit", ranar 5 ga Fabrairu 1924. Sashen Hausa ya buɗe a 1957. Dattijo ya kara rediyo a kunne, ya ji an ce ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza a Najeriya da Nijar, ya ja kan agogonsa ya murza. Wanda bai da rediyo ya tambayi mai shi. Haka unguwa guda ke saituwa.

6/ Kafin wannan fa? Rana ce agogo. Asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha. Ladan na duban inuwa, idan ta gama gajarta ta fara karkata gabas, rana ta yi zawali. Kasuwar Jega ta yi suna tun ƙarni na 19, fatake na zuwa da goro da gishiri da tufafi, kuma ba wanda ya taɓa cewa mu haɗu tara da kwata. "Da hantsi" ya wadatar.

7/ Agogon gwamnati ma bai zauna wuri ɗaya ba. A 1905 Turawa suka ɗora Legas kan GMT. A 1908 suka koma lokacin ranar Legas ɗin, wanda ya ɗara GMT da minti 13 da 'yan daƙiƙoƙi. A 1914, shekarar haɗe Kudu da Arewa, aka mai da shi rabin awa. Sai ranar 1 ga Satumba 1919 aka kai shi awa ɗaya cif, wanda muke kai har yau.

8/ Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, ku natsu. Wannan awa ɗayan lokacin rana ne na layin digiri 15 gabas, wanda ya bi ta ƙasar Chadi, ko taɓa Najeriya bai yi ba. Jega, Aliero da Maiyama suna wajen digiri huɗu da rabi. Kowane digiri minti huɗu ne. Ku buga lissafin: agogon hannunka ya riga ranar garinku da kamar minti arba'in.

9/ Shi ya sa sha biyun rana a Jega ba tsakar rana ba ce. Zawali na kamawa tsakanin wajen sha biyu da minti ashirin da biyar zuwa dab da ƙarfe ɗaya, gwargwadon watan da ake ciki. Agogon bai yi ƙarya ba, rana ma ba ta yi ba, abu biyu ne daban suke aunawa.

10/ Kano na gabas da mu da kamar digiri huɗu, wato kusan minti 16. Maiduguri ya haura rabin awa. Duk azumi sai ka ga an turo jadawalin buɗa baki a WhatsApp, babu sunan gari a kai, mutane na ta turawa gaba. Idan na Kano ne, kai kuma kana gonar albasa a Aliero, to lokacin da takardar ta ce a sha ruwa rana na nan ba ta faɗi ba. Wahalar yini guda fa kenan. Ku duba sunan garin tukuna, ko ku jira ladanin unguwarku.

11/ Wata 'yar dariya: ko da siginar Jamus za ta iso, ƙasa da rabin shekara kaɗai za ta yi mana amfani. Da sanyi lokacinsu ɗaya da namu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna ƙara awa guda. Ɗalibin jami'ar Aliero zai isa laccar ƙarfe takwas tun bakwai, ya tarar da aji a kulle. 😅

12/ Wanda ke son agogon da ke saita kansa a nan, ya nemi mai GPS, domin tauraron ɗan'adam na ratsa saman Maiyama kamar yadda yake ratsa na Frankfurt, ko kuma mai haɗuwa da waya ta Bluetooth. Ita kanta wayar da kuke karanta wannan da ita, tana karɓar lokaci daga kamfanin layi. Ku shiga saiti ku tabbata an kunna lokaci na atomatik, kuma yankin na Legas ne.