Wayar da Aka Jira Shekara 50

Duk lokacin da na ga na'urar MRI a asibiti, masanin kimiyya Kamerlingh Onnes nake tunawa, saboda maganaɗisun da ke cikinta. A 1911, a Leiden ta ƙasar Holan, ya sanyaya zaiba har lantarki ya riƙa ratsa ta babu turjiya ko kaɗan. Ya so ya naɗa maganaɗisu mai ƙarfi da wayar dalma, amma da ƙarfin ya ɗan ƙaru sai turjiyar ta dawo.

Sai a 1961 Kunzler na Bell Labs ya ɗura garin niyobiyam da kuza cikin bututu, ya ja shi ya zama waya, sannan ya gasa. Wannan dabarar tana burge ni ƙwarai, domin in aka fara gasawa, wayar karyewa take kamar tukunyar ƙasa. Wayar ta ɗauki sama da amfiya 100,000 a kowane murabba'in santimita, kuma turjiyar ba ta dawo ba duk da ƙarfin maganaɗisu.