Daga Sandar Sarkin Makafi Zuwa Takardar Doka: Tarihin Zamanmu da Masu Buƙata ta Musamman

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa batun haƙƙin masu buƙata ta musamman baƙo ne da ya zo mana daga Turai. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A wannan maƙala zan bi sawun yadda ƙasar Hausa ta zauna da makafi da kurame da guragu da kutare, domin in gano abin da ya rage a kanmu mu matasan masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Zamanin Sarauta

A shekarar 1824 matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya isa Kano, ya tarar makafi suna da unguwarsu, suna samun wani kaso daga mai mulkin gari, suna kuma bara a kasuwa. Bayan unguwa, Bahaushe ya ba su sarauta: Sarkin Makafi, Sarkin Kutare, Sarkin Guragu. Waɗannan sarakuna ke sasanta rikicin jama'arsu, su sauki baƙonsu, su kai kukansu fada. Makafi sun shahara da tufkar igiya da haddar Alƙur'ani. Kurame kuwa sun gina harshensu, maganar hannu, a kasuwanni da majalisu, ba tare da jiran wata makaranta ba. Addini ma ya ƙarfafa wannan matsayi, domin kowane almajiri ya san cewa Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ladanin Manzon Allah (SAW) ne. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, makaho ne, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'i.

Sai dai tsarin yana da gibi. Ya ba su gurbi a cikin gari, amma ya ɗaure mafi yawansu ga ƙoƙon bara. An karɓe su a matsayin masu karɓar sadaka, ba a cika tunanin su ma za su iya bayarwa ba.

Zamanin Keɓewa

Turawan mulkin mallaka sun zo da magani, sun kuma zo da katanga. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi kula da sansanonin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, a 1953 kuma makarantar makafi ta Gindiri. An warkar da mutane, an koyar da rubutun makafi, amma sai mutum ya bar danginsa kafin ya samu. Yaron da aka haifa a ƙauyukanmu, ko da jirgin ƙasa na layin Kano zuwa Nguru yana tsayawa a Gagarawa Tasha, ba kowane uba ne zai sallama shi zuwa nesa ba. Ko bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗakar magungunan kuturta a 1981, ƙyamar ba ta warke tare da ciwon ba.

Zamanin Haƙƙi

An ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991. A 2007 gwamnatin Alhaji Sule Lamido ta fara biyan zaɓaɓɓun masu nakasa naira 7,000 duk wata a ƙananan hukumomi 27 na jihar, da nufin raba su da bara. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna musu wariya, ta keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu.

Darasi mafi girma a ganina ya fito ne daga yaƙi da shan inna. Bayan ƙauracewa rigakafi a 2003, waɗanda cutar ta gurgunta sun shiga sahun masu sa kai, suna bi gida-gida a kan kekunansu suna roƙon iyaye. Uban da ya kori ma'aikaci yakan yi shiru idan gurgu ya nuna masa ƙafafunsa. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, kuma da guminsu a cikin nasarar.

Abin da Ya Rage

Tun da na kammala digiri nake cikin matasan da ke aikin sa kai a garinmu. Mun raka makafi yin rajistar katin ɗan ƙasa, mun zuba gangaren siminti a ƙofar wani aji domin yaro mai keke ya daina rarrafe a gaban tsaransa. Abin da na lura shi ne, duk aikin da muka fara da shawarar sarakunansu yana ɗorewa, domin su suka san gidan da aka ɓoye yarinya kurma, su kuma iyaye ke jin maganarsu.

Kammalawa

Kakanninmu sun ba su gurbi ba tare da sana'a mai yalwa ba, Turawa sun ba su magani ba tare da dangi ba, gwamnati ta ba su doka wadda ba ta iya tura keke ko koyon maganar hannu. Wannan kason namu ne. Idan malamin firamare a Sule Tankarkar ya koyi gaida kurma da hannu, ɗan kasuwar Maigatari ya ɗauki gurgu ya riƙe masa littafin ciniki, to karin maganar nan da ke cewa babu nakasasshe sai kasasshe za ta tashi daga baki ta koma aiki.