Yadda Marubucin Kano Ya Koma Ɗan Kasuwar Littafinsa

Wanda ya taso a Daurawa ko Gyaɗi-Gyaɗi a shekarun 1990 ba zai manta da ɗan siririn littafin nan ba, wanda bangonsa ya yi laushi don wucewa hannu zuwa hannu. Yarinya ta karɓo shi haya, ta ɓoye a ƙarƙashin matashi, ƙawayenta uku na jiran layi. Ana zuwa inda labari ya ɗau zafi sai a ga an rubuta a tari littafi na biyu. Wannan dabara ta yanka labari kashi-kashi ba ado ba ce. Da kuɗin kashi na ɗaya marubuci yake buga na biyu.

Da farko ba haka sana'ar take ba. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar ƙaga labari da boko, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Marubutan nan yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikata. Hukuma ke gyarawa, ita ke bugawa, ita ke kai wa makarantu. Haka aka ci gaba a zamanin kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, har zuwa kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Gasar da NNPC ta shirya ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, wanda ya buɗe wa mata ƙofa.

Sai tattalin arziki ya karye. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta masu tabbacin ciniki. A daidai lokacin kuma ga samari da 'yan mata da suka iya karatun boko sakamakon shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci na Jihar Kano. Ga masu karatu, ga masu labari a ƙunshe, babu mai bugawa.

Nan marubuci ya ɗaura ɗamara. Ya cika littafin rubutu da biro, ya kai wa mai tafireta, ya ci bashi ko ya shiga adashi ya biya maɗaba'a, sannan ya ɗauki katan da kansa zuwa kasuwar Sabon Gari ya zube wa dillalai, ya riƙa zaryar karɓar kuɗi. Ta wannan hanya Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna. Shi da irin su Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa suka riƙe ƙungiyar Raina Kama, inda marubuta ke duba aikin juna, suna tallata littattafan 'yan uwansu a shafukan ƙarshe. Gidajen rediyo kuma suna karanta labaran, abin da ya kai su kunnen matan da ba sa fita.

Ba a rasa masu suka ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare ta a jaridu. A 2007 gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan da aka karɓe a hannun 'yan makaranta, daga baya Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta nemi marubuta su yi rajista, aka daɗe ana kai ruwa rana.

Kafin nan ma fim ya riga ya janye wasu. Titin Gidan Zoo, nan kusa da Gyaɗi-Gyaɗi, ya cika da ofisoshin masu shirya finafinai, marubuta da dama suka koma sayar musu da labari, don kuɗin fim a dunƙule yake zuwa, na littafi kuwa sai an bi dillali.

Yau shagon haya ya koma cikin waya. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, mai son ci gaba ya tura kuɗi a sa shi a rukunin masu biya. Wasu na sayar wa masu karantawa a YouTube. Babban ciwon kansu shi ne mutum guda ya biya, ya watsa wa jama'a kyauta. Gasa ma ta dawo: a 2016 sashen Hausa na BBC ya fara gudanar da gasar Hikayata don mata zalla. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft ya buga shi a Indiya a 2012.