Kafin Leda Ta Zo Gungu

A shekarar 1830, lokacin da Turawan nan 'yan gida ɗaya, Richard da John Lander, suka sauka a Yawuri, sun tarar da kogin Kwara cike da gungu-gungu, kowane da gonakinsa da jiragensa. Mazauna tsibiran su ne Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe. A gaɓa kuma akwai Shangawa da Kambari da Hausawa, ga Sarkawa masunta suna bin kifi gari-gari. Tarihin sarakuna ya samu marubuta, amma tarihin yadda gidajen nan ke sarrafa abin hannunsu bai samu ba. Shi nake so mu ɗan leƙa, domin a cikinsa akwai maganin wani ciwo da ke damun aljihunmu yau.

Kwara a wannan yanki sau biyu take cika a shekara. Akwai cikar damina, mai ruwa gurɓatacce da laka, daga ruwan saman da ya sauka a nan kusa. Akwai kuma cikar hunturu, mai ruwa garau, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso. In ruwa ya janye sai ya bar sabuwar ƙasa. A kanta Gungawa suka gina noman albasar da ya fitar da sunan Yawuri, suna ban ruwa da ƙwarya, suna zuba takin dabbobinsu.

Duba yadda abu ɗaya ke haifar da wani. Karan gero da dawa ya zama danga, in danga ta tsufa ta shiga murhu, tokarta a tace a samu ruwan toka na miya, ragowar a kai gona. Dusa ta tumaki ce, kashinsu na albasa ne. Lawashin albasa a shanya shi ya zama gabu, mai rufa wa uwargida asiri lokacin da ɗanya ta yi tsada. Ciyawar burugu da ke tsirowa cikin ruwa ita ce abincin shanu da rani. Kifin da ya fi ƙarfin tukunya a yi bandarsa. Tuwon dare ya kwana ya zama ɗumame, ƙanzonsa a jiƙa a yi kwaɗo. Ƙwarya in ta tsage ba a yar da ita, akwai gyartai da sana'arsa ke nan, ya ɗinke ta ta koma bakin aiki. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san tsari mai kyau shi ne wanda abin da wani sashe ya fitar ya zama abin da wani sashe ke buƙata. Gidan Gungu haka yake, kuma ba don burgewa aka tsara shi ba. Kuɗi ne ke da wuya, kasuwa kuma sai an tuƙa jirgi.

A 1964 aka fara gina madatsar Kainji, a 1968 aka toshe kogin. Tafki mai tsawon kilomita fiye da 130 ya shimfiɗu daga Kainji har Yelwa. Tsohuwar Bussa ta nutse, gungu da yawa suka bi ta. Mutum kusan 44,000 aka tayar, mafi yawansu daga masarautun Yawuri da Borgu, a zamanin Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur. Gwamnati ta gina musu sababbin ƙauyuka da bulo na siminti da rufin asbesto.

Ana yawan ba da labarin nan a matsayin asarar gida da kushewar kakanni, kuma haka ne. Amma akwai wata asarar da ba a cika lissafawa ba. Ɗakin laka da jinka, mai shi ke gyara abinsa da ƙasa da ciyawar da ke bayan gida. Rufin asbesto in ya fashe sai kuɗi. Manomin da gonarsa ke bakin ruwa ya samu kansa a tudu, inda ƙwarya ba ta isa ta ɗauko ruwan ba. Daga baya injin ban ruwa da takin zamani suka cike gurbin, su ma da fetur da naira suke tafiya. Sannu a hankali abin da gida ke samarwa ya koma abin da gida ke saya.

Da farko tafkin ya ruɗi mutane. Ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye sun ruɓe sun ciyar da kifi, sai ga shi ya yi ambaliya. A farkon shekarun 1970 kamun shekara ya haura tan 28,000. Masunta suka kwararo daga nesa. Kafin 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Wani ɓangare na faɗuwar ɗabi'ar sabon tafki ce, domin abincin farko ƙarewa yake. Daga baya kuma taru mai ƙananan idanu da ake ja daga gaɓa, mai kwashe kifi da 'ya'yansa, ya ƙara wa wutar kara. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus, tare da cibiyar binciken kifi ta New Bussa da sarakunan ruwa, ya tsaya har aka haramta irin wannan taru. Dokar ta zo da takarda, amma hikimar tsohuwa ce: wanda ya cinye iri ba ya girbi.

A shekarun ne kuma leda da fiya wata suka mamaye kasuwanni, daga Yelwa har Wara. Faifai da akushi da ganyen naɗe abinci suka ja da baya. A nan ne bola ta sauya hali. Bolar da, taki ce, manomi har roƙonta yake a kwashe masa zuwa gona. Bolar yau rabinta leda ce wadda ba ta ruɓewa. Akuya ta haɗiye ta ta rame, magudana ta toshe, iska ta kwashe sauran zuwa tafkin da muke sha muke su a ciki.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komai da ke hawa mota ko jirgi mai inji ya ƙara kuɗi. Wannan ya dawo da tsohon lissafi. Gidan da ya ware ɓawo da toka da kashin dabbobi a rami ɗaya, leda a buhu daban, ya rage buhun takin da zai saya. Matar da ta sayi tumatir da tattasai da albasa lokacin kaka ta shanya, ba ta jin zafin farashin bazara. Kwando ɗaya na kaba ya isa cefanen shekara. Randa tana sanyaya ruwa ko da wuta ko babu, abin da mazauna gefen madatsar da aka gina don megawat 960 suka fi kowa sani. Mai banda kuma yana iya koyi da matan Chorkor na Gana, waɗanda tun 1969 suke jera tire kan tire a murhu ɗaya, hayaƙi guda ya gasa kifi ninki-ninki da itace kaɗan.

Ba wanda zai janye ruwan Kainji ya fito da gungun da suka nutse, kuma ba wanda ke kewar wahalar ban ruwa da ƙwarya. Sai dai ilimin bai nutse tare da gidajen ba. Yana nan wurin tsofaffin da aka tayar suna yara a 1968, a ƙauyukan Ngaski da Shanga da Yawuri, yanzu sun haura sittin. Mai waya a hannu yana iya zama gabansu ya ɗauki muryarsu: yadda ake haɗa gabu, yadda ake adana albasa ta kai bazara, wane wata ne ba a taɓa kifi mai ƙwai. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.