Aganar raƙuma: me ya sa take kisa a wani garken, ta yi sauƙi a wani?

Aganar raƙuma cuta ce mai yaɗuwa da ke fesar da ƙuraje a jikin raƙumi. Ƙwayar bairos ɗin da ke haddasa ta ita ce mafi kusancin dangantaka da ta aganar mutane, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita a 1980. A yankin Punjab na Indiya aka fara bayaninta a rubuce a 1909, kuma tana nan a ƙasashen kiwon raƙuma, daga Nijar da Sudan da Somaliya har zuwa Asiya ta Tsakiya.

Takan fara da zazzaɓi da kaluluwa. Daga nan ƙuraje su fito a leɓe da hanci da fatar ido, su ɗuri ruwa, su yi ɓawo. Mai sauƙi takan warke cikin mako 4 zuwa 6, kuma raƙumin da ya tashi daga ita ba ya sake kamuwa. Mai tsanani kuwa takan mamaye jiki har hantsa, ta shiga baki da maƙogwaro da huhu, dabba ta kasa kiwo.

Shekarun dabba ne kan gaba wajen wannan bambanci. Alƙaluman Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya sun nuna cewa mace-mace tsakanin manya kan kai kashi 5 zuwa 28 cikin ɗari, amma tsakanin ƙanana yakan tashi daga kashi 25 har zuwa 100. Ɗan taguwar da bai sha dakashi sosai ba ya rasa garkuwar da zai samu daga uwa, kuma akwai makiyayan da ke rage masa shi don gudun zawo. Taguwa mai ciki takan yi ɓari, mai shayarwa nononta ya ja baya.

Sai damina. Annobar takan fi muni lokacin ruwa, sa'ad da kaska da ƙudaje ke yawaita. An taɓa gano ƙwayar a jikin kaskar raƙuma, shi ya sa ake zarginta da yaɗa ta. Nau'o'in ƙwayar ma sun fi juna ƙarfi. Yunwa, doguwar tafiya da cuɗanya a bakin rijiya ko kasuwa duk suna ƙara wa cutar kaifi, abin da ya shafi kasuwannin kan iyaka irin Maigatari, inda raƙuman Nijar ke shigowa Najeriya.

Babu takamaiman maganinta. Ana dai ware marar lafiya, a yi maganin gyambon da ke biyo baya. Allurar rigakafi kuwa akwai ta, an samar a Dubai da Saudiyya da Maroko, sai dai makiyayin da ke nesa da likitan dabbobi bai cika ganinta ba. An kuma tabbatar da kamuwar wasu masu kula da raƙuma a Indiya da Sudan, inda ƙurajen suka fito musu a hannu.