Tarihin Paulo Sousa, Ɗan Ƙwallon da Ya Zama Mai Horarwa

Duk wanda ya riski shekarar 1989 da wayonsa, yana kuwa da shaukin ƙwallon ƙafa, ba zai manta ranar da samarin Fotugal suka doke na Nijeriya da ci 2 da nema a birnin Riyad ba, suka ɗauke kofin duniya na matasa a ƙarƙashin Carlos Queiroz. To, a cikin wannan tawaga akwai wani yaro mutumin Viseu, haifaffen 1970, mai suna Paulo Sousa.

Allah bai yi shi mai ƙarfin jiki ko yawan cin ƙwallo ba, sai dai ya hore masa basira da natsuwa, ta yadda idan ya tsaya a tsakiyar fili, kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda za ta nufa. Wannan baiwa ce ta ɗauke shi daga Benfica zuwa Sporting, sa'an nan Juventus ta Italiya, inda ya ci kofin zakarun Turai a 1996. Da ya koma Dortmund ta Jamus kuwa, sai ƙaddara ta haɗa shi da tsohuwar ƙungiyarsa a wasan ƙarshe na 1997, suka cinye ta 3 da 1, ya ɗaga kofin shekara biyu a jere da riga daban-daban, al'amarin da ƙalilan ne suka dace da shi. Amma ciwon gwiwa bai bar shi ya more wannan daraja ba, domin a 2002, yana ɗan shekara 31, tilas ya rataye takalmi.

Da jiki ya gaza sai ya koma ga ilminsa, ya shiga horarwa, ya faro da matasan Fotugal, kafin ya karɓi ƙungiyarsa ta farko a Ingila a 2008. Ya ci gasar Isra'ila da Maccabi Tel Aviv a 2014, ya ci ta Suwizalan da Basel a 2015, ya riƙe Fiorentina shekara biyu tana wasa mai ƙayatarwa, alhali kuwa ba kasafai yake daɗewa wuri guda har shukarsa ta nuna ba. Abin da ya fi taɓa mutuncinsa shi ne na Disambar 2021, sa'ad da ya bar tawagar ƙasar Folan ana saura wata uku ta buga wasan neman gurbin kofin duniya, ya tafi Flamengo ta Barazil, wadda ita ma ta sallame shi a Yunin 2022.

Lalle ina girmama hikimar wannan bawan Allah, kuma ban ga mai musun ta ba. Amma masu magana sun ce alƙawari kaya ne, shugaban da aka damƙa wa amanar jama'a kuwa ana auna shi da cika ta kafin a ƙirga kofunansa.